Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Wakilan Inshora Suka Cuci Tsofaffi A Japan

Duk ɗan Arewan da ya yi shekara da shekaru a kurmi ya san darajar amintaccen mutum. Ranar da ka fara sauka a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ba ka jin yaren gari, ba ka san ofis ba, ba ka san hanya ba, sai Allah Ya haɗa ka da wani ya zama idonka da bakinka. Shi ke karanta maka takarda, shi ke raka ka banki, shi ke nuna maka inda za ka sa hannu. Da haka zaman baƙunci ya yi wa iyayenmu sauƙi, da haka kuma fataucin goro da na shanu ya tsaya da ƙafafunsa. To, amma ita amana ƙofa ce. Alheri ta nan yake shigowa, ɓarna ma in za ta zo ta nan take bi.

A wannan mako za mu kai mai karatu wata ƙasa mai nisa, watau Japan, domin ya ga yadda aka bi ta irin wannan ƙofa aka cuci dubban tsofaffi a sha'anin inshora. Waɗanda abin ya faɗa wa kuwa sun yi makaranta, takardun da aka ba su da harshensu aka rubuta, ƙasarsu kuma tana cikin waɗanda ake misali da su wajen bin doka. In har an iya yi musu haka, lalle ya kamata dattijon da ke zaune a Ikko, wanda ake miƙo wa takarda da Turanci, ya kasa kunne.

GIDAN WAYA MAI SAYAR DA INSHORA

A Japan aikin gidan waya ya wuce kai wasiƙa. An kafa shi a 1871, a 1875 ya fara karɓar ajiyar kuɗi, sa'an nan a 1916 Gwamnati ta ƙara masa da inshorar rai domin talakawa. An sauƙaƙa ta ƙwarai, kuɗin kaɗan ne, kuma ba sai likita ya duba mutum ba. Mutanen ƙasar suna kiranta Kampo. Akwai gidajen waya wajen 24,000 a ƙasar, har a ƙauyukan kan duwatsu da tsibiran da babu banki ko ɗaya. Saboda haka tsoho a ƙauye ya tashi ya ga ubansa yana ajiya a gidan waya, shi ma ya yi, kuma in ma'aikacin gidan waya ya yi sallama da rigarsa ta aiki, kamar Gwamnati ce ta zo da kanta. Akan shimfiɗa masa, a kawo masa shayi, ya tambayi lafiyar jikoki da sunayensu.

Japan kuwa ƙasar tsofaffi ce. A 2019 fiye da kashi 28 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun wuce. Da yawansu su kaɗai ke zaune, 'ya'ya sun tafi neman abinci a Tokyo da Osaka, kamar dai yadda da yawa cikinmu muka baro iyaye a gida.

A 2005 Firayim Minista Junichiro Koizumi ya ci nasarar sa Majalisa ta yi dokar raba gidan waya da Gwamnati. A watan Oktoba na 2007 aka mayar da shi kamfanoni, akwai na banki, akwai na inshora, akwai masu kula da ofisoshi da wasiƙu. A watan Nuwamba na 2015 aka fara sayar da hannun jari a kasuwar Tokyo. Tun daga nan masu jari ke jiran riba. Ga shi kuma mutane sun rage aika wasiƙa, saboda haka ofisoshin sun dogara ƙwarai da la'adar da suke samu daga sayar da inshora da yi wa banki aiki. Sai manya suka yanka wa kowane yanki adadin da zai kawo a shekara, yanki ya yanka wa ofis, ofis ya yanka wa ma'aikaci. An kuma rage tsayayyen albashin masu zagaya gidaje, aka ce sauran su nemo shi ta kamasho. Wanda ya cika adadinsa a yaba masa gaban jama'a, wanda ya kasa a tsare shi da faɗa da wulakanci da sunan horaswa. Sunan gidan waya bai canja ba, rigar ma ba ta canja ba, saboda haka tsoho a ƙauye bai san an yi wani sauyi ba.

YADDA AKA YI TA YANKAN BAYA

Bari mu ɗan bayyana yadda inshorar rai take domin wanda bai saba da ita ba. Mutum yakan yi yarjejeniya da kamfani cewa zai riƙa zuba wani kuɗi kowane wata, kamar zubin adashi. In wa'adin da aka yanka ya cika yana raye, a ba shi abin da aka yi alkawari. In ya rasu kafin nan, a ba iyalinsa. Wata takardar ma har da kuɗin asibiti. Abu biyu ke sa tsohuwar takarda ta fi sabuwa daraja. Na ɗaya, ana yanka zubi ne bisa shekarun mutum da lafiyarsa ranar da ya shiga, watau wanda ya shiga yana ɗan shekara 40 ya fi wanda ya shiga yana 70 sauƙin zubi nesa ba kusa ba. Na biyu, ribar da kamfanonin Japan ke yi wa mutane alkawari ta yi ta raguwa shekara da shekaru, saboda haka takardun da aka yanka tun da daɗewa sun fi na baya-bayan nan tsoka. Wanda ya soke takarda kafin wa'adinta kuwa, galibi abin da za a mayar masa ba ya kai abin da ya zuba.

Shi kuwa wakili, babban rabonsa yana ga sabuwar takarda. Sababbin mutane sun yi wuyar samu, domin matasa ba su damu da Kampo ba. Sai wakilai suka koma kan tsofaffin da suka riga suka amince da su, suna lallashinsu su soke tsohuwar takarda su yanki sabuwa, wai ta fi.

Kamfanin ya san ana iya yin haka, har ya kafa ƙa'ida. In mutum ya soke tsohuwar takarda cikin wata 3 kafin ya yanki sabuwa, ko cikin wata 6 bayan ya yanka, to, musanya ce aka yi, rabin lada kawai za a rubuta wa wakili. Amma da yake mai son zuciya ba ya rasa dabara, sai wakilai suka ɓullo ta hanya biyu. Wani ya ce wa tsohuwa, ai ba a soke tsohuwar takarda sai an yi wata 6 da yankar sabuwa. Ƙarya ce, babu wannan doka. Baiwar Allah sai ta yi ta zubi biyu har a shiga wata na bakwai, shi kuwa ya karɓi cikakken kamashonsa. Wani kuma ya sa tsoho ya soke tasa yau, ya ce ya dakata sai bayan wata 4 a yanka masa sabuwa. A tsakanin nan mutum ba shi da inshora ko ta kwabo, in ciwo ya kama shi ko ya rasu, iyalinsa ba su da abin karɓa.

A watan Yuli na 2019 ya fito fili cewa an sami zubi biyu irin wannan a takardu wajen 22,000 tsakanin Afrilu 2016 da Disamba 2018, an kuma bar takardu wajen 47,000 a tsakiyar ruwa babu inshora na wata 4 zuwa 6. Mafi ban tausayi su ne waɗanda aka sa suka soke tsohuwa, da suka zo yankar sabuwa kamfani ya dubi lafiyarsu ya ce ba zai karɓe su ba. Irin wannan ya kusa 19,000 cikin shekara 5. Sun yi biyu babu ke nan, bayan sun yi shekaru suna zubi.

Har ila yau akwai ƙa'idar kamfani da ta ce in mutum ya kai shekara 70 a nemi wani daga iyalinsa ya zauna a wurin kafin a sa hannu. Waɗansu wakilai sai su koya wa tsohon ya ce shi ne ba ya son a kira kowa, a rubuta haka a takarda, shi ke nan an wuce wurin. Jaridun ƙasar sun kuma tona irin sunayen da waɗansu ma'aikata ke kiran waɗannan bayin Allah da su in sun koma ofis. Tsohon da ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni sukan kira shi da wani laƙabi mai ma'anar wanda ya rabi da ruɗewa, mai saurin yarda kuma su kira shi da sunan 'yar tsanar wasa. Mutumin da ya ba ka shayi ɗazu ke nan.

YADDA ASIRI YA TONU

'Ya'ya na cikin waɗanda suka fara gano abin. Mutum ya zo ganin gida lokacin hutu, ya buɗe akwatin uwarsa, ya tarar da takardun inshora jibge, ya duba littafin ajiyarta ya ga kuɗin fanshonta na tafiya wajen zubi, ita kuwa ba ta iya faɗin ko takarda nawa gare ta ba. Abin da za ta ce kawai shi ne, ai yaron gidan waya ne ya kawo. Waɗansu ma'aikatan kuma da zuciyarsu ta ƙi abin suka fara tsegunta wa 'yan jarida.

A watan Afrilu na 2018 gidan telebijin na ƙasa, NHK, ya nuna wani shiri a kan al'amarin. Maimakon shugabannin gidan waya su bincika, sai suka kai ƙara. Hukumar da ke sa ido kan NHK ta ja kunnen shugaban gidan, Ryoichi Ueda, a watan Oktoba na shekarar, shiri na biyu kuma da aka yi niyya bai fito a lokacin da aka shirya ba. Wata jaridar lardi mai suna Nishinippon Shimbun, da ake bugawa a Fukuoka, ita ce ta riƙe zancen ta ƙi saki tun daga 2018, tana buga koke-koken iyalai da na ma'aikata, har manyan jaridun Tokyo suka biyo baya.

Da abin ya fi ƙarfin rufi, ranar 31 ga Yuli 2019 shugabannin suka fito suka ba da haƙuri, suka ce za a binciki takardu wajen 183,000 da ake zaton an cuci masu su cikin shekara 5, kuma za a aika wa duk masu takardu wasiƙa, watau takardu wajen miliyan 30. A watan Disamba aka ba da sanarwar cewa a takardu 12,836 ana zargin an karya dokar ƙasa ko ta kamfani. Kwamitin lauyoyin da aka naɗa ya gano cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda abin ya shafa sun kai shekara 60 ko sun wuce. Kwamitin bai tsaya kan wakilai kaɗai ba. Ya nuna cewa adadin da ake yanka musu ya fi ƙarfinsu, kuma manya sun riƙa kau da kai daga masu kawo ciniki da yawa, ko da ana ta kawo ƙararsu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ranar 27 ga Disamba 2019 hukumar da ke kula da harkokin kuɗi ta Japan ta hana gidan waya sayar da sabuwar inshorar Kampo har wata 3, daga Janairu zuwa Maris 2020. Shugabannin kamfanonin uku, Masatsugu Nagato da Mitsuhiko Uehira da Kunio Yokoyama, suka ajiye aiki. Babban sakataren ma'aikatar da ke kula da gidan waya ma ya rasa kujerarsa a watan, domin an kama shi yana tsegunta wa wani babba a kamfanin irin hukuncin da ake shirin yi musu. Aka naɗa Hiroya Masuda, wani tsohon Minista, ya gyara ɓarnar. Kafin ƙura ta lafa an hori ma'aikata fiye da 3,300, manya da ƙanana, an mayar wa mutane da yawa zubin da aka karɓa a banza, waɗansu kuma aka farfaɗo musu da tsofaffin takardunsu. Cikakken ciniki bai dawo ba sai a watan Afrilu na 2021.

ANA WATA GA WATA

Ba a gama da wannan ba sai ga wani a watan Oktoba na 2020, a kamfanin Dai-ichi Life, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin inshora na Japan. Wata wakiliyarsu a lardin Yamaguchi, mai shekara 89, wadda ta yi fiye da shekara 50 tana yi musu aiki har suka ba ta wani muƙami na musamman, ta karɓi Yen wajen biliyan 1 da miliyan 950 daga hannun mutum 24, watau fiye da Dalar Amurka miliyan 18 a canjin lokacin. Abin da take gaya musu shi ne, saboda girman matsayinta kamfani ya keɓe mata wani asusu mai riba mai yawa, kuma sai wanda ta ga dama take sawa a ciki. Babu irin wannan asusu. Mutane sun miƙa mata kuɗi a hannu, kuɗin bai shiga littafin kamfani ba.

Mai karatu zai ga cutar iri biyu ce. A ta gidan waya, takardar ta gaskiya ce, kuɗi ya shiga kamfani, amma an sayar wa mutum abin da ba shi da amfani gare shi domin wakili ya sami kamasho. A ta biyun kuwa kuɗin ne bai isa kamfani ba sam. Abin da ya haɗa su shi ne, a duka biyun ba baƙo ne ya yi cutar ba, wanda aka daɗe ana cin tuwo da shi ne.

MU DAWO GIDA

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan Nijeriya ma wakilin inshora da kamasho yake ci, kuma akwai wurare uku da dattawanmu ke haɗuwa da shi.

Na farko shi ne ranar barin aiki. Akwai 'yan Arewa da yawa da suka ƙare ƙarfinsu a tashar jiragen ruwa ta Apapa, da kamfanonin Ikeja, da ofisoshin Gwamnatin Tarayya a kudu. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ba mai ritaya zaɓi biyu bayan ya karɓi dunƙulen farko. Ko dai ya bar sauran kuɗinsa a hannun kamfanin fansho a riƙa tsakuro masa kowane wata, in ya rasu abin da ya rage na magadansa ne. Ko kuwa ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora, su kuma su riƙa biyansa har ranar da ya bar duniya, ko da ya yi shekara 100. Kowanne da amfaninsa. Amma akwai magana biyu da mai neman kamasho ba ya son daɗewa a kansu. A tsarin inshora shekara 10 ne aka lamunce wa iyali, watau in mutum ya rasu cikin shekara 10 na farko a biya magada abin da ya saura na shekarun, in ya wuce haka kafin ya rasu babu abin da za a raba. Sa'an nan wanda ya koma tsarin inshora ba shi da hanyar komawa na farko. Mai mata da ƙananan yara ya kamata ya ji wannan da Hausa tsantsa kafin ya dangwala.

Kuma a dubi lafiyar kamfanin kansa. A watan Yuni na 2022 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta soke lasin kamfanonin Niger Insurance da Standard Alliance. A watan Oktoba na 2024 ta sauke shugabannin African Alliance saboda kamfanin ya kasa sauke nauyin da ke kansa, musamman na 'yan fansho. Daɗin bakin wakili ba ya biyan fansho in kamfaninsa ya durƙushe.

Na biyu shi ne ajiya ta zubin wata-wata, wadda akan kawo wa 'yan kasuwa har rumfa da sunan tanadin karatun yara ko na tsufa. Dokar inshora ta 2003 ta ce sai an biya zubi inshora ke kamawa, kuma daga ranar 1 ga Janairu 2013 NAICOM ta tsananta wannan ƙa'ida. A watan Agusta na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 2003. Abin lura ga dattijo a nan shi ne, in ya miƙa wa wani kuɗi a rumfa babu rasit na kamfani, ranar da wuta ta tashi ko aka yi rasuwa, aikin tabbatar da cewa ya biya yana wuyansa ko wuyan marayunsa.

Na uku shi ne takardar mota. Alhazanmu masu motocin ɗauko albasa da tumatir da shanu zuwa kudu galibi wani suke ba kuɗi ya sabunta musu takardu. Daga ranar 1 ga Janairu 2023 kuɗin inshorar dole ta ƙaramar motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000, na manyan motoci kuwa ya fi haka nesa. Wanda ya karɓi cikakken kuɗi ya kawo takardar jabu, ba za a gane ba sai ranar haɗari. Alhali kuwa ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayani da ake kira NIID, inda kowane yaro mai waya zai sa lambar mota ya ga ko takardar ta gaskiya ce.

ABIN DA ZA A YI

Ba muna cewa kowane wakili macuci ne ba. Akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu, kuma a Japan ma waɗansu ma'aikatan ne suka taimaka aka tona asirin. Wakilin kirki ba ya jin haushin bincike. Ga abin da muke ba dattawa da 'ya'yansu shawara.

Kada a sa hannu ko a dangwala a ranar da aka kawo takarda. A ce a bar ta ta kwana. Duk wanda ya ce yau ne ƙarshe, gobe an rufe, to, gaggawar tasa ce. A sami wanda ba shi da rabo a cinikin, ɗa ko jika ko malamin makaranta, ya karanta ta daga farko har ƙarshe ya fassara. Akwai tsohuwar doka a ƙasar nan ta kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ce duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda sai ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma shaida cewa an karanta masa an bayyana kafin ya dangwala.

A yi wa wakili tambaya huɗu a gaban shaida, a rubuta amsa. Nawa zan zuba, har zuwa yaushe? In na kasa zubi ko na fasa bayan shekara ɗaya ko biyu, nawa za a mayar mini? In na rasu, wa zai karɓa, nawa kuma? Kai nawa ne kamashonka? Ta ƙarshen ba rashin kunya ba ce, domin a kara ma kowa ya san la'adar dillali.

Kuɗi ya tafi asusun kamfani da sunan kamfani, a karɓi rasit na kamfani. Kada a tura asusun wakili, ko da ɗan maƙwabci ne, ko da a sahu ɗaya ake salla. In ya ce akwai wani tsari na musamman mai riba da ba kowa ake gaya wa ba, a tuna da matar Yamaguchi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

In an ce a soke tsohuwar takarda a yanki sabuwa, a taka har ofishin kamfani a nemi a rubuta asarar da za a yi da ribar da za a samu, a kwatanta. A kuma tambayi lasin wakili, domin doka ba ta yarda kowa ya yi wannan sana'a ba sai da iznin NAICOM. Wanda yake son tsarin da ya dace da Shari'a akwai kamfanonin takaful, waɗanda hukumar ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, amma su ma wakilai gare su, saboda haka duk binciken nan ya hau kansu.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya tattara takardunsa da rasit, ya rubuta wa kamfani ƙara ya riƙe kwafi. In ba a share masa hawaye ba, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, tana da ofis a Abuja da nan Ikko. In zancen fansho ne akwai hukumar PenCom. In kuwa kuɗi aka karɓa aka cinye, wannan zamba ce, maganar 'yan sanda ce da kotu. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su ma suna da aiki a nan. Irin wannan magana ba ta sasanci a zaure a rufe ba ce, domin wanda ya ci na dattijo ɗaya aka rufa masa asiri, gobe yana rumfar na gaba.

Daga ƙarshe, magana gare ku samari da ke ci-rani. A Japan, ba hukuma ce ta fara gano ɓarnar ba, 'ya'yan da suka buɗe akwatin iyayensu na cikin waɗanda suka fara gano ta. In kun je gida da Salla, ko kun kai wa Baba gaisuwa a Sabo, ku zauna cikin ladabi ku tambaye shi ko akwai takardar da ya sa wa hannu bana, da wanda yake ba kuɗi kowane wata. Dattijo yakan ji nauyin ya ce bai gane abin da aka karanta masa ba, balle ya ce wanda ya yarda da shi ya cuce shi. Ku sauƙaƙa masa faɗi, kada ku yi masa dariya ko faɗa. Abin da ya tara da guminsa na shekara 40 a baƙon wuri ya cancanci wannan 'yar wahalar daga gare ku.

Allah Ya tsare mana iyayenmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun sadu a mako mai zuwa.